Ranar da Na Ɓoye Zabirar Kakana

Jiya da hantsi jikana ya kai ni gidan likita. Wata yarinya mai farar riga ta naɗa mini ƙyalle a dantse, ta yi ta matsa 'yar roba yana kumbura har hannun ya ɗaure. Da ta fara sassautawa sai na ji shi a cikin dantsen, dum, dum, dum. Ta rubuta abin da za ta rubuta, sannan ta sa babban yatsa ta ja fatar idona ƙasa ta leƙa. Nan take hankalina ya bar ɗakin. Na koma ƙauyenmu a ƙasar Kurfai, tafiyar rabin yini daga Filinge, wata damina ta can baya, lokacin Faransawa ba su tafi ba tukuna.

Na tsufa, kuma na gaji da magana. Rayuwata duka a gaban allo na yi ta, ina nuna wa yara inda zuciya take da inda huhu yake, har muryata ta dushe. Amma ban taɓa gaya wa ɗalibaina yadda ni kaina na koyi abin ba, domin akwai ciwo a ciki. Ku yaran da ke karanta wannan, ku zan gaya wa, ku yi haƙuri da tafiyar tsohuwa.

Kakana, mahaifin innata, wanzami ne. Zabirarsa ta fata ce, ta yi baƙi don tsufa, tana warin hayaƙi da man shanu. A ciki akwai asake, da dutsen wasa su, da ƙahoni huɗu da hannu ya goge har suna sheƙi. Idan bazara ta tsananta, gawon ƙofar gidanmu ya fara zubar da ganye, maza sukan jeru a gindinsa, kowa ya tuɓe riga ya sunkuya. Kaka ya jiƙa bayan mutum, ya kafa ƙaho, ya zuƙe iskar ta tsininsa, ya toshe ɗan ramin. Fata ta taso. Ya cire, ya yi 'yan tsage da aska, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa. In an jima ya ɓalle shi ya juye a rairayi, sai ka ga jini baƙi a dunƙule yana rawa. Mutane su leƙa su girgiza kai, su ce ga mataccen jinin da ke hana mutum sakat. Mai bayan ya miƙe ya yi miƙa, ya ce ya ji wasai, yanzu ko gobe aka yi ruwa ya shirya wa hauya.

Mahaifina ya tafi Kumasi neman abin rufin asiri, shekara ta juyo bai dawo ba sai aike, don haka ni da inna muna gidan kaka. Ni ce 'yar fari, kuma kun san al'adarmu, uwa tana kunyar ɗan farinta. Inna ba ta kiran sunana, ba ta dubana a gaban mutane, in ta kama dole sai ta ce “ke” tana kallon wani wuri. Ba ƙi ba ne, haka ita ma aka yi mata. Duk abin da ban samu a wurinta ba, a wurin kaka na same shi. “Amarya” yake ce mini, ni kuma in ce masa “tsoho”. Ya ce ban iya tuwo ba zai sake ni, in ce wa zai zauna da miji mai haƙori uku. A wurinmu jika yana da izinin ya faɗa wa kakansa duk abin da ya ga dama, muddin da wasa ne, kuma kakan ba shi da damar yin fushi.

Kada ku ɗauka kakana bai san jiki ba. Wata rana an yi suna a maƙwabta, an feɗe rago, ya kira ni ya tsugunar. Ya ɗauki huhun ta maƙogwaro ya busa, abin ya kumbura ya yi ja-ja, ya saki ya motse. Ya ce nan numfashi ke shiga. Ya tsaga zuciyar ya nuna mini ɗakunan da ke ciki. Ya bi hanyar ciyawa da yatsa tun daga maƙoshi zuwa tumbi zuwa hanji, yana ja yana nuna mini tsawonsa.

“Duba da kyau, amarya,” in ji shi. “Abin da ke cikin rago shina cikinki. Tumbi kaɗai kunka bambanta.”

Wata rana kuma wani Bafillace ya kawo tunkiya ƙofar gida zai sayar. Ni dai na ga tunkiya lafiyayya. Kaka ya buɗe bakinta ya duba dasashi, ya ja fatar idonta ƙasa, ya sake ta. Ya ce wa mutumin, “Mai da abinka. Wagga ba ta da jini, kaska ta shanye ta.” Da aka shafa ƙarƙashin cikinta kuwa, ga kaskar nan birjik, sun sha sun yi tim.

Ina da shekara tara ko goma aka aiko daga Filinge cewa garinmu ya ba da yaro lakwal, wato makarantar Faransawa. Masu hali suka ɓoye nasu, abin ya faɗo kan gidanmu. Kaka ya hana ɗan kawuna, domin shi ne zai gaji zabira, sai aka miƙa ni. Na zauna wurin wata gwaggo a cikin gari, ba na zuwa gida sai hutun damina.

A bangon ajinmu akwai hoton wani mutum da aka cire wa fata, yana tsaye ido buɗe, jikinsa duk zare ja da shuɗi. Yara da yawa ba sa yarda su zauna kusa da shi. Ni ban ji tsoro ba, na riga na ga cikin rago. A shekarata ta uku malaminmu, wanda muke kira mushe, wato malam a bakin Faransawa, ya ɗauki sanda ya tsaya gaban hoton. Ya sa kowa ya nemo bugun jininsa. Ku ma ku gwada yanzu. Ku juya tafin hagu sama, ku ɗora yatsu biyu na dama a wuyan hannun, ta gefen babban yatsa, ku danna kaɗan ku yi shiru. Abin da kuka ji yana taɓa ku, zuciyarku ce take aiko shi. Mushe ya kore mu muka zagaye filin lakwal sau biyu a guje, muka dawo muka sake taɓawa, sai ga shi yana sauri, mu kuma muna haki.

Ya ce zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. In ta matse sai ta tura jini huhu ya ɗebo iskar da muka shaƙa, ya dawo, ta sake tura shi ta jijiyoyi har ƙwaƙwalwa, har ɗan yatsan ƙafa. Abincin da muka ci yana narkewa a ciki da hanji, jini ya kwashe amfaninsa ya raba wa kowace gaɓa. Dattin da ya tara kuma ƙoda ta tace, ya fita a fitsari. In ka yi gudu tsoka tana neman iska da yawa, shi ya sa zuciya ke sauri, huhu ke haki. Jinin nan guda ne, in ji shi, yana zagaye dare da rana, ba shi da wani lungu a gadon baya inda yake kwanciya. Kuma ba a rijiya ake ɗebo shi ba, a cikin ɓargon ƙashi ake yin sa, a hankali, daga abin da mutum ya ci.

Sai ya soki yatsansa da ƙaya, ya ɗiga jini a kan faranti, ya ce mu jira. Muna kallo ya yi duhu, ya daskare. Ya ce kowane jini haka yake yi in ya fito, da ba ya daskarewa da ɗan yanka ma ya isa ya kashe mutum. Sauran yara suka ce to. Ni kuwa sai na tuna dunƙulen nan mai rawa a rairayin gindin gawo. Ashe da ransa ya fito.

Ba a daɗe ba wani likita ya zo yi mana lamba, wato rigakafi. Kafin ya taɓa kowa sai ya ja fatar idonsa ƙasa, daidai yadda kaka ya yi wa tunkiya, har dariya ta kusa kuɓuce mini. Ya ware yara uku gefe. Mushe ya ce cikin idonsu ya yi fari, jininsu ya yi kaɗan, suna bukatar magani, da hanta, da wake, da ganye, da hutu.

Mahaifina ya zo gida a daminar da ta gabata, ya sake komawa Kumasi. A shekarar ne inna ta haifi ƙanena, kafin zafi ya shigo. Labari ya iso mini a Filinge cewa namiji ne, sai kuma na ji gwaggo tana raɗa wa maƙwabciyarta cewa an sha wuya, jini ya zuba ba kaɗan ba. Ba wanda ya ƙara cewa komai, ni ma na manta.

Na dawo hutu gero ya kai ƙwauri. Ƙasa tana ƙamshin ruwa, dutsen da ke bayan gari ya yi kore, amma rumbu ya yi ƙasa kamar yadda yake yi kowace damina. Fura ta zama ruwa-ruwa, tuwo sau ɗaya a yini. Da na shiga gida na tarar da inna a bakin turmi. Ta ɗaga taɓarya sau uku, ta tsaya, ta jingina goshi a kanta tana haki kamar mu ranar da muka zagaye fili. Leɓenta ya yi fari. A gefen wuyanta ina ganin jijiya tana harbawa da sauri. Da ta sunkuya zanenta ya zame, na ga sabbin tsage a bayanta, a zagaye, wuri huɗu.

Mutanen gida ba su ga abin da na gani ba, domin kullum suna tare da ita, a hankali ta dushe a gabansu. Kakata ta ce gajiyar goyo ce, kowace mace ta yi ta. Wata tsohuwa mai bori daga unguwar Arna ta ce Doguwa, aljanar tsamiyar bakin rijiya, ce ke shan jininta, har an ba da jar kaza. Kaka kuwa ya ce jinin haihuwa ne bai gama fita ba, ya mutu a jiki yana danne ta. Juma'a biyu ke nan yana yi mata ƙaho. Ina so ku gane, don ƙauna yake yi. Ita ce 'yarsa mace guda, kuma abin da ya iya ke nan. Duk sa'ad da ya gama ya tambaye ta, sai ta ce ta ji sauƙi. Me 'ya za ta ce wa ubanta?

Juma'a ta uku ina tsaye aka yi. Da ya juye ƙahon, abin da ya fito bai yi baƙi ba, tsararo ne, ja-ja, rairayi ya shanye shi nan da nan. Kaka ya ɗaure fuska ya ce mataccen ya yi nisa ne, Juma'a mai zuwa zai ƙara zurfin tsaga ya kafa duka huɗun sau biyu. Inna ta miƙe, ta yi taku uku, ta zube a bakin ɗaki. Ana yayyafa mata ruwa na lallaɓa na kama wuyan hannunta. Bugun yana da sauri, siriri, kamar na ɗan tsako in ka riƙe shi a tafi. Na gane cewa zuciyar tana ƙoƙarin raba ɗan abin da ya rage ne ga jiki duka, kuma in aka sake ɗiba mai yawa, ba lallai ta iya ba.

Kwana shida na yi ina neman wanda zan gaya wa. Na fara da kakata, tana tankaɗe. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Ke, damina nawa gare ki? Mutumen da yac cire miki beli kina jaririya, shi za ki koya ma jini?” Na je wurin kawu a gona, ya yi dariya ya ce lakwal ta fara taɓa mini kai. Inna kuwa ba hanya, ko na tsaya gabanta wani wuri za ta duba. Ƙofa ɗaya ta rage mini, ita ce wasan jika da kaka. Amma an yi wasan nan ne don dariya. Ban taɓa ganin wanda ya bi ta cikinsa ya faɗi gaskiya mai zafi ba, kuma ko a lokacin na san ba daidai ba ne.

Ranar Juma'a da safe, kaka ya fita duba gona, na sauko da zabirar daga maratayinta, na tura ta cikin harawar da ke kan rumfar tumaki. Ko kawu ba ya taɓa ta sai da izini. Hantsi ya yi, aka shimfiɗa tabarma bayan ɗaki, inna ta zauna ta buɗe baya. Kakata tana riƙe da jariri, kawu da matarsa suna nan. Kaka ya shiga ɗaki, ya jima, ya fito yana murmushi. Ya san ba mai wannan ƙarfin hali sai ni.

“Amarya, ke kid ɗauke min zabira? In aski kike so, taho in yi miki ƙwal.”

Na ce, “Tsoho, zabira ta gaji da kai, ta yi yaji.”

Aka kwashe da dariya, har inna ta ɗan motsa baki. Kaka ya ce, “To tahi ki yi min biko, rana na yi.”

Ban motsa ba. Na so in ci gaba da muryar wasa, amma ta ƙi, ta fara rawa. Na ce, “Ba ni zuwa. Tsoho, tunkiyar Bafillace sai da ka buɗe idonta kahin a yi ciniki. Ɗiyarka hwa? Ka buɗe nata?”

Kakata ta daka mini tsawa, kawu ya taso da hannu a sama. Kaka ya ɗaga tafi, kawu ya tsaya. Ya daɗe yana kallona, murmushin yana gushewa a hankali. Sannan ya taka zuwa tabarmar, ya durƙusa gwiwoyinsa suna ƙara, ya ce, “Ɗago, ɗiyata.” Ya ja fatar idonta ƙasa. Daga inda nake ina gani, fari fat kamar cikin sabuwar ƙwarya. Ya ɗaga leɓenta ya duba dasashi. Ya yafuto ni, ya ja nawa idon ya duba, ya koma ya sake duba nata. Sai ya zauna a ƙasa, a kan rairayi tsirara, shi da ko a gona sai an shimfiɗa masa buzu.

“Ashe ni na kaska,” in ji shi.

Inna ta ce, “A'a Baba, wallahi sauƙi nike ji.”

Ya ce, “Ruhe bayanki.”

Na ruga na ɗauko zabirar, na kakkaɓe harawar, na miƙa masa da hannu biyu. Bai karɓa ba. Ya ce, “Rataye ta.” Ni a wautata na ɗauka na yi nasara, na zaci zuwa la'asar zai kira ni ɓarauniya mu yi dariya. La'asar ta yi ta wuce bai ce mini uffan ba.

Washegari ya kira ni zaure, ya nuna mini tabarma in zauna, abin da ake yi wa baƙo. Ya tambaye ni, ba wasa a muryarsa, me mushenmu ya ce a ba mai farin ido. Na lissafa masa. Ya gyaɗa kai, ya ce in tafi.

Daga ranar ya ɗauki abin da gaske, kamar yadda yake ɗaukar komai. Wanzami yana da kasonsa na nama a kowane ragon suna. Kaka ya daina karɓar kason, ya ce a ba shi hanta a madadinsa. Ya riƙa taka laka zuwa garuruwan da da yake tura kawu, ya dawo da yamma ƙafa duk taɓo, da 'yar hanta ƙunshe a ganye. Mutane suka yi ta zolayarsa cewa haƙori ya ƙare ne. Ya sa kakata ta riƙa dafa wake da tafasa da zogale, ya hana inna taɓarya da guga, daka ya dawo kaina da matar kawu. Wata safiya ya ɗora inna kan jaki ya ja ta har gidan likita a Filinge. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba, sai ni na raka ta ciki, aka ba ta wasu ƙwayoyi masu ɗanɗanon tsatsa.

Sauƙin bai zo da sauri ba. Abin da ƙaho ya zuƙe kafin a gama shan fura, ɓargo sai ya yi makonni yana mayar da shi. Akwai ranakun da na yi zaton mun makara. Nononta ya ragu, aka haɗa wa ƙanena da na akuya. Kowace safiya kaka ya zo ya durƙusa ya ja fatar idonta, ya duba, ya tashi. Gero ya yi ciki, ya fid da kai, ya fara nuna. Sai a lokacin ja ya soma dawowa, kaɗan-kaɗan, daga gefe. Ranar da ta ɗauko tulu daga rijiya har gida ba ta tsaya a hanya ba, na shiga bayan rumbu na yi kuka.

Ana shirin girbi hutu ya ƙare. Da safen da zan koma, na ɗaure 'yan kayana, na je bakin ɗakin inna na tsaya kamar yadda na saba, ba na tsammanin komai. Tana ba jariri nono, tana kallon bango. Sai ta miƙo hannu ta gefe, tafi a sama, ta ce, “Ke. Taɓa abin nan naku.” Na durƙusa na ɗora yatsu biyu. Yana bugawa a natse, cike, ba gaggawa. Ta bar hannun a wurina fiye da yadda ake bukata, har yanzu tana kallon bango. A iya sanina, tun da na yi wayo ba ta taɓa miƙo mini hannunta ba sai ranar.

Kaka yana zaune gindin gawo. Na je da 'yar dabarata, na ce, “Tsoho, za ni, kada ka yi wata amarya bayana.” Ya ɗago ya dube ni da kirki, ba fushi ko kaɗan, ya ce, “Allah shi kiyaye hanya, malama.” Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ya ci gaba da aski, yana kuma yi wa ƙarfafan maza ƙaho in bazara ta zo. Sai dai duk wanda ya sunkuya gabansa, sai ya fara ɗago shi ya duba idonsa, in ya ga fari ya ce ya je ya ci wake. Wasu suka ji haushi suka koma wurin wani wanzami, layin gindin gawo ya ragu. Duk hutun da na zo yana tarbata da mutunci, ya tambayi karatu, ya sa a dama mini fura. Na yi ta jefa masa wasa yana sauka ƙasa ba mai ɗauka. Damina biyu bayan haka ya rasu ina Filinge. Bai sake ce mini amarya ba.

Inna ta rayu har ta ga jikokinta sun yi aure. Da za a mayar da ni ranar nan, zan sake ɓoye zabirar, ba na shakka. Abin da na kasa yafe wa kaina shi ne wurin da na faɗi maganar, gaban matarsa da ɗansa da surukarsa. Da na same shi shi kaɗai a hanyar gona. Amma yarinya ce ni, tsoro ya cika ni, kuma ba na jin da ya tsaya ya duba in ba don idon mutane ba. Shekara da shekaru ina juya wannan, ban kai ƙarshensa ba, na kuma gaji da juyawa.

Gawon ya faɗi tuntuni. Yanzu akwai gidan likita kusa da ƙauyenmu, mota tana kaiwa Filinge kafin shayi ya huce, yara suna ganin zuciya tana motsi a cikin wayar hannu. Duk da haka jiya a kan benci na ga mata biyu masu goyo, leɓe fari, suna haki, kowace tana cewa gajiya ce kawai.

Ni kuwa yarinyar mai farar riga ta ce idona lafiya lau, matsalar ita ce jinina ya hau, yana dukan jijiyoyi da ƙarfi, zuciyar da ba ta taɓa hutawa ba tun kafin a haife ni tana wahala. Ta ce in bar gishiri da kanwa da goro. Na ce to, a raina ina cewa yarinya ba ta san daɗin duniya ba.

Yau da safe na laluba ƙarƙashin matashi ba goro. Na je madafa, gwangwanin gishiri ba ya nan. Jikan nawa yana tsaye a tsakar gida, ga uwarsa, ga ƙannensa, yana dariya yana cewa, “Amarya, in kika ƙara taɓa gishiri na sake ki.” Na ce ya kawo mini kayana kafin raina ya ɓaci. Sai ya daina dariya. Ya ce, “Kaka, kin koya wa gari duka zuciya. Taki fa?” Muryarsa tana rawa, kuma na san wannan rawar.

Kunya da haushi suka taso mini lokaci guda, sai ga ni zaune a ƙasa. Sai yau na san abin da ya zaunar da kakana a kan rairayi. Har na buɗe baki zan ce masa, “Na ji, malam,” maganar tana kan harshena. Na haɗiye ta da ƙyar.

Na ce, “Kai, mijin banza! Wanda ko goro bai taɓa saya wa matarsa ba, sai ɓoye wanda ta samu.”

Ya fashe da dariya yana share ido da bayan hannu. Da rana aka kawo mini tuwo da miya lami. Ba daɗi ko kaɗan. Ya zauna gabana yana tsokanata, na cinye tas.